Kuɗin Saratu

Shekarar da sojoji suka canja wa kuɗi launi, ina sayar da pate, faten tsakin masara, a Narayi, a gindin wani mangwaro da ba nawa ba. Mangwaron na gidan su Saratu ne. Ta girme ni da kaɗan, kuma ko da yake ba ƙauyenmu ɗaya ba, dutse ɗaya muke kallo in mun je gida, can bayan Kachia, ita ta gabansa ni ta bayansa. Shi ya sa nake ce mata Yaya. Ɗanta Jethro ne ya kawo ta Kaduna bayan mijinta ya rasu. Yana aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin da masaƙa take masaƙa. Ya ba ta ɗaki da katifa da rediyo. Ɗakin ta karɓa, katifar ta karɓa, rediyon kuwa ta lulluɓe shi da tsumma, ta ce ba ta son mai magana ba a tambaye shi ba.

Aikinta kullum ɗaya ne. Ta shimfiɗa tabarma kusa da murhuna, ta jingina da mangwaro, ta lumshe ido, ta tafi gida. Ina tuƙa tukunya ina jin ta. Wai yanzu gajimare ya sauko ya kwanta a kan dutsen kamar tunkiyar da ta ƙoshi. Wai acha ta nuna, iska tana yawo a cikinta ba ta taka ko ɗaya ba. Wai ga ɗorawar da uwarta ke kwance a ƙarƙashi, an bar mata wuri ta hannun hagu, inda rana ke fara taɓawa. Wani lokaci hayaƙin itacena ya bi ta kanta ya tashi, ni ma sai in ga kamar dutsen ne can bayan rufin kwanon mutane, har sai wani ya buga mini kwano in dawo.

Abu ɗaya Saratu take so a duniya, kada a binne ta a Kaduna. Ta taɓa raka wata gawa maƙabartar gari, ta dawo ta ce an jera mutane kamar masu layin sabulu, kowa kusa da wanda bai sani ba. Ita ba za ta tashi ranar ƙarshe ta fara da tambayar na kusa da ita sunansa ba.

A wajenmu tsohuwa tana haɗa ƙunshinta tun da sauran ƙarfinta: zanen da za a lulluɓe ta, ɗankwali, da kuɗin da za su kai ta gida. Ta ƙulle ta ajiye a ƙasan akwati. Ba mai buɗewa sai ranar. Wanda ya taɓa ƙunshin mai rai, ko ɗan cikinta ne, an ce gaggawa yake yi mata. Na Saratu ya daɗe a ƙulle. Kuɗin citta ne, wadda ta noma da hannunta shekara da shekaru kafin ta zo birni.

To sai ga sanarwa, a kai tsofaffin kuɗi banki a karɓo sababbi, wa'adin kuma ɗan guntu. Narayi duk ta tsallaka gada zuwa banki. Ni ma na je na tsaya a rana, soja yana gyara mana layi da bulala kamar mu muka canja launin. Duk mun san ƙunshin Saratu yana nan. Jethro ya gwada, ban ce bai gwada ba. Ya durƙusa ya ce mata gwamnati ta ce a kawo tsofaffin kuɗi. Ta ce ba gwamnati ta ba ta su ba, citta ce. Da ya ƙara matsawa, ta tambaye shi a hankali ko akwai abin da yake sauri ne. Ya tashi ya fita. Matarsa ta ce ya buɗe da kansa in tsohuwa ta tafi coci, ya ce gara ta ce masa ya shiga rijiya. Haka wa'adin ya wuce ta kan akwatin.

Ba a daɗe ba masaƙa ta rage ma'aikata, wai ba auduga, wai ba kayan gyaran inji. Jethro yana cikin waɗanda aka sallama. Ya zo ya zauna a bencina, ya ci pate bai ɗaga kai ba, ya ce mini in abin ya zo yanzu, to Kaduna ce, don ba shi da abin da zai ɗauki mota. Na ce ya rage murya, mai barcin nan kunnenta ba ya barci.

Da ruwa ya zauna sosai, wata rana da la'asar Saratu ta farka daga ɗan gyangyaɗinta ta ce uwarta ta aiko a zo a ɗauki acha kafin tsuntsaye su gama. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin a hannu. Mai abu in ta buɗe da kanta ba laifi. Ta sa aka kira mata Ɗanladi, mai bas ɗin da ke zuwa Kachia, da Ishaku kafinta. Ta ce tana so ta biya tun idonta biyu, kada a yi ciniki a kanta tana kwance.

Tana kwance ƙullin ƙamshi ya tashi. Kafur, busasshiyar citta, hayaƙin ɗakin ƙauye, da wani abu da ban san sunansa ba, irin wanda ake ji in an buɗe kayan uwa. Ta jera takardun a tabarma, sumul, kamar an goge su. Ko ɗaya babu mai rai. Ta tura wa Ishaku nasa na akwatin gawa, ta ce katako mai kyau, ba wanda gara ta ɗanɗana ba. Ta tura wa Ɗanladi nasa, ta ce mota guda, zuwa da dawowa, da matan zumunta na coci a ciki suna waƙa.

Ɗanladi ya dubi Ishaku, Ishaku ya dubi ƙasa. Jethro yana tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe baki. Ni ina bayan tukunya, hayaƙi ya cika mini ido.

Na ce, "Ɗanladi, karɓi kuɗinka mana. Ko sun yi maka kaɗan?"

Ya karɓa. Ishaku ma ya karɓa. Saratu ta koma ta jingina.

Da ta shiga ɗaki suka zagayo wajena su biyu. Ɗanladi ya ce, "Mama, waɗannan ko kwandastana ba zai karɓa ba."

"Ni zan karɓa. Ba kullum a nan kuke ci ba? Ku kawo, in zuba muku kamar sababbi ne."

Mutane sun ce kirki ne ya sa. Ni dai na san matar Jethro ta daɗe tana cewa hayaƙina yana ɓata mata shanya, kuma ranar da tsohuwa ta bar gindin mangwaron nan da baƙin ciki, ni ma bencina zai bi ta. Mangwaro mai inuwa irin wannan ba a samunsa a Narayi kyauta.

Da farko abin ya tsaya a kaina. Suna ci, ina tara matattun takardu a gwangwani. Sai Dorcas ta zo daga Kakau da itace da tsakin masara kamar yadda ta saba, na ce mata sababbin da ke hannuna ba su kai ba, amma ga na Saratu. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Na tambaye ta wa ke ɗauko mata kaya daga Kakau ranar da ba kasuwa. Ta ce Ɗanladi. Na ce to ta ba shi, shi zai karɓa, don cikinsa ya san inda ake kashe su. Ta juya takardar gaba da baya, ta shinshina, ta soke a bakin zane.

Daga nan suka kama yawo. Ɗanladi ya ba mai faci, don mai faci ma a wajena yake ci. Mai faci ya ba mai aski. Mai aski ya ba matar da ke masa wanki, ita ta kai injin niƙa, mai niƙa ya kawo mini, ni na mayar masa da su kuɗin niƙan gyaɗa. Lokacin sababbin kuɗi sun yi wuyar gani, banki yana ba mutum nasa da ɗan cokali kamar magani. Unguwa cike da maza da masaƙa ta sallama, kowa da hannu biyu, kowa yana zaune, don wanda ke son a gyara masa rufi ba shi da abin biya, mai iya gyaran kuma ba ya hawa rufi don a ce masa an gode. Da kuɗin Saratu suka shigo layinmu sai ka ji guduma. Wannan ya hau rufin Dorcas na shago, wancan ya yashe wa mai faci rijiya. Jethro da kansa ya fara ɗebo wa mutane ruwa a kura, ana biyansa da kuɗin uwarsa, yana karɓa yana kawar da kai. Ni na ɗora tukunya ta biyu. Na daina dakan gyaɗa a turmi, na bar wa inji, hannuna ya samu sararin tuƙi. Ban taɓa dafa pate mai yawa kamar na daminar nan ba.

Ba sa wuce kwanar coci. Daga can takarda ce kawai, ko ƙosai ba a naɗewa da ita. Amma daga kwanar coci zuwa injin niƙa, kuɗi ne.

Saratu tana kallonsu suna wucewa ta gabanta daga hannu zuwa hannu. Wani lokaci ta miƙa hannu a ba ta ɗaya, ta ɗaga ta a hasken da ke ratsowa ta ganyen mangwaro, ta ce wannan ta shekarar da citta ta yi tsada ce, wannan kuma ta shekarar da Jethro ya yi aure, ga inda ɓera ya ɗan gutsura. Ta mayar, ta ce su gai da gida. Takardun sun yi laushi, sun sha manja da gumi, amma in iska ta kaɗo bayan ruwa, layin gaba ɗaya ƙamshin akwatinta yake yi. Yara sukan ce unguwarmu tana warin kaka.

Akwai wani Sylvanus mai shagon kayan masarufi a bakin titi. Lokacin canji yana ƙauyensu wajen biki, ya dawo ya tarar da jakar kuɗinsa guda ta mutu a ƙarƙashin gado. Da ya ji labarin ana cin pate da matattun kuɗi a gindin mangwaro, bai zo da kansa ba. Ya fara ba masu yi masa dako, su kuma su kawo mini. Na ga tukunya tana ƙarewa tun rana ba ta yi tsaka ba, gwangwanina kuma yana cika fiye da abin da Saratu ta taɓa ƙullewa. Mai faci ya fara cewa faci ɗaya takarda biyu, don takardun sun yi yawa. Na ɗauki ɗaya na kai hanci. Warin ƙarƙashin gadon namiji.

Daga ranar, duk wanda ya miƙo sai na shinshina. In ta Saratu ce in zuba, in ba tata ba in ce ya kai wa wanda ya ba shi. Mutanen layi ma da aka ba su takarda sai su biyo ta wajena in ji musu kafin su karɓa. Mai aski ya ce hancin Mama Larai ya fi bankin da ke tsallaken gada, don shi ba ya rufewa ranar Asabar. Sylvanus ya kwashe kafur ɗin shagonsa ya zuba a jakar. Ya sayo citta ma. Amma sabon kafur yana da tsini, yana sukar hanci. Na Saratu ya kwanta, ya tsufa tare da takardar. Nakan mayar wa ɗan dakon in ce ya gaya wa ubangidansa ya bari ta ƙara shekara goma.

Sai ruwan watan Agusta ya dake ni a hanyar kasuwa, na kwana da mura.

Da safe aka miƙo mini takarda, na kai hanci, ban ji komai ba. Ko hayaƙin murhuna ban ji ba. Na yi kamar na ji, na zuba. Amma matar mai niƙa tana tsaye, ta ga yadda nake jan hanci, kuma ita in ta ga abu kamar an yi shela ne. Kafin rana ta take layi ya kai injin niƙa. Kowa ya zo da takardunsa yana so ya mayar da su pate kafin su mutu a hannunsa. Har waɗanda suka ci suka ƙoshi, wasu da roba, wata da bokiti. Na Sylvanus suna ciki, ba ni da hanyar rabewa. Tukunya ta farko ta tafi, ta biyu ta bi ta, ina kankare gindi mutane suna miƙo hannu. Dorcas ta zo da itace, ta ga layin, ta ce yau kam sai sababbi. Guduma ta yi shiru a unguwa.

Da yamma Ɗanladi ya zo ya zauna a bencin da ba kowa, ya ajiye sauran takardun da ke hannunsa kusa da ni. Saratu tana can jingine, ido a lumshe.

Ya ce, "Mama, ni ban ce ba zan kai ta ba. Amma motata ba ta shan pate."

Ya yi mini bayani, murya ƙasa ƙasa. Tafiyar gawa mota guda ce, ba fasinja ko ɗaya mai biya, masu makoki ba a karɓar kuɗinsu, a dawowa ma ba mai yarda ya hau sai an wanke ta. Fetur kuwa gidan mai ba su san Saratu ba. Da yana lissafin zai riƙa ajiye sababbin da bai kashe a abinci ba, amma taya ta cinye su. Akwati dai Ishaku ya gama, yana jingine a bayan shagonsa. Na dubi tsohuwar. Ƙirjinta yana hawa yana sauka lafiya ƙalau, ba alamar mai shirin tafiya wannan makon, ko wannan watan. Kuɗin za su riga ta mutuwa, karo na biyu ke nan.

Na tambaye shi in da rai za a kai ta fa. Ya ce ai wannan kujera ɗaya ce. Sauran kujerun ya cika da 'yan kasuwar Kachia masu sababbin kuɗi, fetur ya fita, har da canji. Akwati kuma kaya ne, a ɗaure a sama. Ya faɗa yana dariya, sai ya ga ni ba dariya nake ba.

Washegari ban ɗora tukunya ba. Na zauna a gefen tabarmarta ina fyace hanci, na ce, "Yaya, kin taɓa tambayar Jethro hanyar gida?"

Ta ce ɗanta ne, ya sani. Na ce a kira shi. Jethro tun yana ɗan firamare rabonsa da ƙauyen su uwarsa. Na tambaye shi in an wuce Kachia ina ake karya kwana. Ya ce wajen wani babban itace. Na ce wanne, don hanyar ba ta rasa manyan itatuwa ba. Ya sosa kai. Na ce to a bar wannan, in an isa gindin ɗorawa, ta wane hannun kakarsa za a haƙa. Ya yi tunani ya ce dama.

Saratu ta buɗe ido biyu tar. Tun Ista ban ga haka ba. Ta hannun dama kishiyar uwarta ce a kwance, matar da aka ce ko a raye ba a zama kusa da ita.

Na sallami Jethro, na ce mata mota tana nan, an biya, me zai hana ta je ta nuna wurin da yatsanta.

Ta ce, "Kuɗin gawa na biya, Larai."

"Ai ba a hana mai rai hawa ba. Gaba za ki zauna, kusa da taga."

"Mutum ya yi tafiya da akwatinsa a bisa kansa?"

"Sai ki duba ko Ishaku ya cuce ki. In kina ciki ba ki da bakin magana."

Sannan ta tambayi waƙar matan zumunta. Na ce za su zo su yi, in sun ɓata ta gyara musu, don ta san yadda Celina, mai ba su waƙa, ke jan baiti kamar tana jan akuya. Bakinta ya ɗan motsa. Ta dubi murhuna da ba wuta, ta dubi gwangwanin, ta dubi layin da ya yi tsit.

"Kuɗina ne suka gaza?"

"Kuɗinki lafiyarsu ƙalau, Yaya. Hancina ne ba lafiya."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa takarda in ta ɗaga ta a haske. Ta ce to a gaya wa Ɗanladi ya wanke motar duk da haka.

Ranar kasuwar Kachia muka tashi da safe. An naɗe akwatin da tabarma da tamfol, an cika shi da tukwanen Saratu da katifarta a ninke, 'yan kasuwa suka ɗauka kabad ne, wata har ta ɗora buhun barkono a kai. Matan zumunta huɗu ko biyar suka biya kuɗin kujerarsu da sababbi, suna gunaguni wai da gawa ce da kyauta za su je.

A wajenmu ba a barin mai tafiya mai nisa ya hau mota hannu wofi, sai an ba shi na shan ruwa a hanya. Mutanen layi suka fito sallama, kuma kowa ya san abin da ke aljihunsa da ba shi da inda zai kai. Mai faci ya fara, ya durƙusa ya sa mata takardu a cinya. Mai aski, mai niƙa da matarsa, Dorcas, Ishaku. Ni na juye gwangwanina. Sylvanus ma ya zo da hularsa a hannu ya ajiye nasa. Saratu tana ɗauka ɗaya ɗaya tana shafawa. Wasu ta ware gefe ba tare da ta kai hanci ba, ta tara su ta miƙa wa Sylvanus.

Ta ce, "Waɗannan ba nawa ba ne, ɗana. Ka riƙe, kana da iyali."

Sauran ta jera a cikin zanen, ta ƙulle kamar yadda yake da. Ta jawo ni kusa ta ce, "Ki duba, Larai. Na biya mota, na biya akwati, ga su kuma sun dawo. Kuɗin da ke nan, sun san gida."

Wa ya biya, har yau ban sani ba. Ishaku ya rasa katako amma ya ci damina guda. Ni masarata ta tafi, amma tukunya ta biyu ta zauna. Rufin Dorcas ba ya yoyo, rijiyar mai faci tana ba da ruwa. Jethro ya ce da za a samu akawu ya zauna zai iya fitar da wanda aka cuta. Ba wanda ya nemo akawun.

Hanya ta yi kore har ta gaji. Saratu tana gaba, ƙunshi a cinya, iska tana kaɗa bakin ɗankwalinta. Matan suka fara waƙa daga Sabon Tasha, ta bar su har Kujama sannan ta ɗaga hannu ta ce a sake daga farko. 'Yan kasuwa suka sauka a Kachia, mai barkono ta sauke buhunta ta yaba ƙarfin kabad ɗin. Daga nan Saratu ce direba. Nan za ka karya kwana, ba wancan itacen ba, wannan. Jethro yana baya yana kallon kowace kwana kamar mai haddar karatu. Can sai ga dutsen, da gajimare kwance a kansa, kuma gaskiyarta, kamar tunkiya. Ban sani ba ko murar ce, amma sai na ga motar ba ta taɓa ƙasa, acha tana buɗewa tana rufewa a bayanmu.

Ƙaninta ya fito daga gona da fartanya, ya ga akwati a saman mota, iska ta yaye tamfol, ya ɗora hannu a ka zai fara kuka, sai ya ga mai akwatin tana saukowa tana ce masa ya rame. Ba ta shiga gida ba sai da ta ja Jethro gindin ɗorawa, ta kama hannunsa na hagu ta ɗaga, ta nuna masa ƙasa. Ta sa ya faɗa da bakinsa. Sannan ta zauna a wurin, daidai wurin, ta jingina da itacen, ta lumshe ido. Na jira in ji inda za ta tafi yanzu. Barci ta yi na gaske, har da minshari.

Murata ta warke bayan kwana kaɗan. Matar Jethro ba ta kore ni ba, don kurar ruwan mijinta a wajena take samun ciniki. Labari yakan zo daga ƙauye ta bakin Ɗanladi: tsohuwa tana nan, ta fara zuwa gona tana yi wa mutane gyara, akwatin kuma an cika shi da acha, don gara ba ta shiga, Ishaku bai yi ha'inci ba.

Bayan girbi Ɗanladi ya zo ya zauna a benci, ya zaro takarda ɗaya daga aljihun gaba ya ajiye. Ya ce ya kai mata saƙon sabulu daga Jethro, ta ba shi tukuici, ta ce ya kawo wa Larai, Larai za ta karɓa. Na kai hanci. Kafur ɗin ya kusa tafiya, hayaƙin can ya hau kansa, na itacen ɗorawa.

Na zuba masa, na tsamo masa nama biyu daga gindin tukunya.